Haɗin Waƙoƙi A Intanet: Wace Rumfa Ta Dace Da Ƴan Dije Na Damagaram?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Damagaram da maraice, daga Birni zuwa Zango, ko daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, da wuya ya wuce fadodin samari biyu ko uku bai ji wani ɗan akwatin sauti yana tashi a gefen butar shayi ba. Abin da ke fitowa daga cikinsa kuwa, sau da yawa haɗi ne na waƙoƙi ashirin ko talatin da wani ya zauna ya jera, ya ɗinke bakin wannan da na waccan, ta yadda za a shafe awa guda ana saurare babu yankewa. Masu wannan aiki su ne ake kira ƴan dije, haɗin nasu kuma matasa na ce masa miks.

Wannan aiki ya daɗe da zama sana'a a garin nan. Da shi wasu ke samun gayyatar biki da suna da shagalin ƴan makaranta, kuma haɗin da mutum ya saki shi ne tallarsa, domin mai neman wanda zai yi wa ƙanwarsa kiɗan biki yakan fara jin aikin kafin ya nemi mai aikin. Shi ya sa a ƴan shekarun nan babu tambayar da ƙannenmu masu wannan sana'a suka fi yi mana, mu da ke aiki a gidajen rediyo, kamar wannan: a wane dandali na intanet ya kamata mutum ya ɗora haɗinsa? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin wanda ya yi zaɓen tumun dare yana iya wayar gari ya tarar an share aikin da ya kwana goma yana yi, ko kuma aikin yana nan amma babu mai iya jin sa a cikin mutanen da aka yi dominsu.

Daga kaset zuwa katin waya

Haɗa waƙoƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 za su tuna masu rumfunan kaset, inda mutum zai je da jerin waƙoƙin da yake so a rubuce a takarda, a juye masa su a kaset mai minti 60 ko 90. A daidai lokacin ne, bayan Taron Ƙasa na 1991, aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani da Shukura suka kafu a Zinder, shirye-shiryen zaɓi sonka da gaishe-gaishe suka yawaita. Kano kuma, mai nisan kimanin kilomita 240 daga nan, ta riƙa turo waƙoƙin fina-finai, waɗanda suka haifar da salon da muke kira dandalin soyayya.

Zuwan wayar salula a farkon shekarun 2000 shi ya sauya komai. Kaset ya ba faifan sidi wuri, shi kuma ya ba katin memwar wuri, sai ga samari masu kwamfuta a bakin kasuwar Dole da tashoshin mota suna tura waƙoƙi a waya ana biyansu. Waƙa ta koma tafiya daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth, daga baya ta Xender da WhatsApp.

Kada mai karatu ya raina wannan hanya. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙin suka zagaye Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar da su a faifai a 2011, sannan ya bi sawun mawaƙan domin a biya su. Daga nan ne duniya ta san Mdou Moctar, har ya kai ga yin wasanni a Turai da Amurka. Sai dai irin wannan sa'a ba kowa ke samunta ba, domin abin da ke yawo a katin waya sau da yawa ba ya ɗauke da sunan mai shi, ba ya kuma nuna inda za a same shi. Wannan giɓi ne dandalin intanet ke iya cikewa.

A fara duba aljihun mai sauraro

Mai neman rumfa a kasuwa ba ya fara tambayar wacce ta fi kyan rufi, yakan fara duba ta ina masu sayen kayansa ke wucewa. Haka abin yake a nan. Kafin ɗan dije ya tambayi dandalin da ya fi suna a duniya, ya tambayi kansa: wa zai saurare ni, da wace waya, kuma da mega nawa?

Lissafin a fili yake. Haɗin awa guda da aka adana a tsarin MP3 mai nauyin 128 yana cin kusan mega 58. In aka ɗaga shi zuwa 320, kamar yadda masu son tsabtar sauti ke yi, zai kai mega 144, in kuma aka sauke shi zuwa 64, ba zai wuce mega 29 ba. Ga ɗan kabu-kabu ko ɗaliba da ke sayen forfe na kwana guda, bambancin da ke tsakanin 29 da 144 shi ne bambancin a saurara ko a wuce. A ƙaramin akwatin sauti na fada kuwa, kunne ba ya rarrabe 128 da 320.

Abu na biyu shi ne rezo. Ko da Airtel ko Moov ko Zamani mutum ke aiki, da zarar ya bar gari ya nufi ƙauyukan Mirya ko Magarya ko Tanut, ya san cewa sauraren awa guda kai tsaye daga intanet ba abin dogaro ba ne. Ga kuma batun wuta, wanda muka ɗanɗana sosai lokacin da Najeriya ta katse layin lantarki daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Saboda haka dandalin da ke barin mutum ya sauke haɗi sau ɗaya, ya riƙa ji ba tare da ya sake ƙona mega ba, ya fi kusa da rayuwar mai sauraronmu.

Abu na uku shi ne biya. Galibin waɗannan kamfanoni suna da tsarin kyauta da na kuɗi, kuma na kuɗin da dala ko yuro ake lissafa shi, ta katin banki. Yuro guda sefa 656 ne in an cike, ke nan abin da Bature ke gani yuro 10 kacal a wata, a wurinmu ya haura jaka shida da rabi. Matashin da ya saba da Nita da Amana da kuɗin waya sai ya nemi mai katin banki ya biya masa, kuma ranar da biyan ya tsaya, gatan ya tsaya.

Rumfuna huɗu da halin kowace

Mixcloud, wanda aka kafa a Landan a 2008, shi ne aka gina musamman domin ƴan dije da masu shirye-shiryen rediyo. Kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da masu haƙƙin waƙoƙi, yana biyansu, don haka wanda ya sa waƙar wani babban mawaƙi a haɗinsa ba ya zama cikin fargabar a sauke masa. Sai dai wannan lasisi ya zo da sharuɗɗa. Ba a ba mai sauraro damar sauke haɗin ya zama nasa a waya, balle ya tura wa aboki. Akwai kuma ƙa'idar cewa kada waƙoƙin mawaƙi guda su wuce 4 a cikin haɗi ɗaya, in sun wuce ana iya taƙaita masu jin sa. Wannan ƙa'ida ta ci karo da al'adarmu, domin a nan an fi son haɗin zallar Nura M. Inuwa, ko zallar Umar M. Shareef, ko Hamisu Breaker daga farko har ƙarshe. Bugu da ƙari, tun watan Disamban 2022 mai amfani da tsarin kyauta ba ya iya baje fiye da haɗi 10 a lokaci guda.

SoundCloud, wanda wasu ƴan Suwidin biyu suka fara a 2007 kuma yake da mazauni a Balin ta Jamus, ya fi dacewa da mai waƙar kansa. Mai ɗora sauti yana iya buɗe wa jama'a damar saukewa, masu sauraro kuma suna iya ajiye sharhi a daidai mintin da ya burge su. Amma tsarin kyauta ƴan awoyi ƙalilan yake bayarwa, haɗi biyu ko uku sun cinye su. Na'urarsa kuma tana bin duk sautin da aka ɗora tana neman waƙoƙi masu rajista, in ta gano tana iya toshe haɗin, in ƙorafi ya yi yawa a rufe asusun gaba ɗaya.

Audiomack, wanda aka kafa a birnin Niyok a 2012, shi ne ya fi samun karɓuwa a wannan yanki, har ya buɗe ofis a Legas a 2020. Dalilin karɓuwar a fili yake: ɗora sauti kyauta ne ba tare da ƙayyade awoyi ba, mai sauraro kuma yana iya ajiye abin da yake so a cikin manhajar ya ji ba tare da intanet ba. Mawaƙan Hausa da yawa suna can, masu sauraronsu ma suna can. Abin lura shi ne, abin da aka ajiye yana zaune ne a cikin manhajar, kuma shi ma yana sauke duk abin da masu haƙƙi suka yi ƙorafi a kansa.

YouTube kuwa ita ce babbar kasuwa, wadda ɗan Damagaram da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Legas zai fara shiga ya rubuta sunan abin da yake nema. Amma dandalin hoto ne mai motsi, dole a lulluɓe sautin da hoto, yana kuma cin mega fiye da sauti zalla, sannan a tsarin kyauta da zarar an kashe fuskar waya kiɗa ya tsaya. Sabon asusu ba ya ɗora abin da ya wuce minti 15 sai an tantance shi da lambar waya. Tun 2007 YouTube ke da na'urar gano waƙoƙi mai suna Content ID, wadda ke ba mai haƙƙi zaɓi: ya toshe, ko ya bari amma kuɗin talla ya zama nasa. In kuwa aka shigar da ƙorafi a hukumance har sau uku, tashar na iya tafiya da duk abin da ke cikinta. Masu mafarkin samun dala daga haɗin waƙoƙin wasu su san da wannan, su kuma duba jerin ƙasashen da kamfanin ke biya kafin su sa rai.

Saura WhatsApp da Telegram, waɗanda kowannensu ke ɗaukar fayil har giga 2. Su ne suka fi sauri wurin kai haɗi hannun jama'a, amma WhatsApp hanya ce kawai, ba ta ajiya, kuma baƙo ba zai nemi sunanka a cikinta ya same ka ba. TikTok da Facebook kuma wurin ɗanɗano ne, a yanko minti ɗaya mai daɗi a nuna wa mutane inda cikakken yake.

Waƙar wa ka haɗa?

A nan ne muke son ƙannenmu su tsaya su yi tunani. Na'urorin da muka ambata suna gane waƙar da aka yi wa rajista a rumbunsu ne kaɗai. Waƙar mawaƙin Legas ko Abijan ko Faransa, nan take za su gane ta su kai kuɗin inda ya dace. Waƙar yaron da ya shiga ƙaramin situdiyo a Zinder ya biya da kuɗin gumin kabu-kabu, ko muryar zabiyar da aka ɗauka a gidan biki, wucewa za ta yi shiru kamar ba ta da mai ita. Ke nan tsarin yana kare mai ƙarfi, na gida kuma babu mai kare shi sai amanar ɗan dijen da ya ɗauki waƙarsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Da yake rajistar ta wanda ya riga ce, yana yiwuwa wani can ya ɗauki waƙar da ba tasa ba ya shigar da ita ta hannun kamfanonin rarraba waƙoƙi, daga nan na'ura ta riƙa kallonsa a matsayin mai ita, har mai waƙar na gaskiya ya ɗora abinsa a ce masa ya yi sata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin wannan shi ne mawaƙanmu su riƙa rajistar ayyukansu da wuri, a hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, wato BNDA, sannan su buɗe shafukansu da sunansu a waɗannan dandali kafin wani ya riga su.

Shi kuma ɗan dije, abin da ke kansa bai fi ƙarfinsa ba. Ya rubuta jerin waƙoƙin da ke cikin haɗinsa, kowace da sunan mai ita da mintin da ta fara. In mawaƙin ɗan gari ne, ya neme shi ya nemi izini, galibinsu murna za su yi. Ya kuma rage yawan kiran sunansa a kan muryar mawaƙi, domin mun sha jin haɗin da sunan mai haɗawa ya fito sau ashirin, sunan mai waƙa ko sau ɗaya bai fito ba. Mu a rediyo an koya mana cewa ba a sa waƙa a sauke ta ba a faɗi mai ita ba, kuma wannan ladabi bai tsufa ba don an koma intanet.

Haka nan a kula da abin da ake faɗa a tsakanin waƙoƙi. Gaishe-gaishen fada da kirarin abokai ba laifi, amma habaici da zambo ga wata fada ko wani mutum, in a dandalin biki iska ke kwashe su, a intanet zama suke yi. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a watan Yunin 2024, ta tanadi hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. Baki shi ke yanka wuya.

Rumfa daban, rumbu daban

Babban kuskuren da muke gani shi ne ɗaukar dandalin intanet a matsayin ma'ajiya. Mutum ya ɗora haɗinsa, ya ga yana nan, sai ya share na cikin kwamfutarsa don ya sami wuri. Tarihin ƴan shekarun nan ya isa gargaɗi. A watan Maris na 2019 kamfanin Myspace, wanda a zamaninsa babu kamarsa a harkar waƙa, ya amsa cewa ya yi asarar abin da mutane suka ɗora cikin shekara 12, waƙoƙi kimanin miliyan 50, wurin sauya na'urorin ajiya. Hukumomin Amurka sun rufe Megaupload a watan Janairun 2012, kayan masu laifi da na marasa laifi suka tafi tare. Zippyshare, wanda shafukan sauke waƙoƙi suka daɗe suna dogara da shi, ya rufe a 2023. Shi kansa SoundCloud a 2017 ya sallami kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatansa, sai da masu zuba jari suka kawo ɗauki sannan ya tsira. Waɗannan duka kamfanoni ne masu neman riba a ƙasashe masu nisa, ranar da lissafinsu ya sauya ba za su yi shawara da kowa a Birni ba.

Manomin Damagaram bai taɓa kai irin shukarsa kasuwa ya bar rumbu wayam ba. Ɗan dije ma ya ajiye asalin kowane haɗi, mai cikakken nauyi, a wuri biyu aƙalla: a kwamfuta, da kuma a kile ko faifan ajiya da ke wani ɗaki daban, nesa da zafi da ƙura. Mai son wuri na uku yana iya duba Internet Archive, wata cibiyar adana kayan tarihi da ba ta neman riba, wadda aka kafa a Amurka a 1996, kuma take karɓar sauti kyauta daga masu haƙƙinsa.

Wannan magana ta wuce haɗin waƙoƙin yayi. A gidaje da rumfuna da ɗakunan ajiyar rediyo na garin nan akwai tsofaffin kaset masu ɗauke da muryar Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, da Sani Abusa na ƙungiyar Super Haske, da Malam Mamman Barka ɗan Taskar, wanda ya raya kiɗan biram kafin rasuwarsa a 2018, ban da algaita da kakaki na hawan salla. Zaren kaset ba ya jure zafinmu har abada. Matasan da suka iya sarrafa sauti a kwamfuta su ne suka fi kowa cancantar juye waɗannan muryoyi, da izinin iyalan masu su, su rubuta suna da shekara da wurin da aka ɗauka in an sani. Wanda ya yi wannan ya yi wa garinsa aikin da zai daɗe bayan an manta da waƙar bana.

To, wace rumfa?

Shawararmu ita ce kada mutum ya zuba kayansa duka a wuri guda. Wanda masu sauraronsa ke cikin gari da ƙauyuka, kuma waƙoƙin Hausa ya fi haɗawa, Audiomack ya fi kusa da bukatarsa, sai ya haɗa da ƙaramin fayil mai sauƙin nauyi da zai riƙa turawa ta WhatsApp, da sunansa da na mawaƙan rubuce a jikinsa. Wanda ke haɗa waƙoƙin waje, ko mai shirin rediyo da ke son ajiye shirye-shiryensa inda masu gayyata daga nesa za su ji, Mixcloud ya fi ba shi kwanciyar hankali, ya zaɓi goma mafi kyau ya baje. Mai waƙar kansa ko kiɗan da ya ƙirƙira da hannunsa, SoundCloud da YouTube a buɗe suke gare shi ba tare da fargaba ba. Kafin a biya ko dala, a gwada tsarin kyauta na ƴan watanni, a ga daga ina masu sauraro ke zuwa. A kuma riƙa karanta sharuɗɗan lokaci zuwa lokaci, domin suna sauyawa.

Daga ƙarshe muna kira ga gidajen rediyonmu da masu kula da al'adu a jihar Zinder da su riƙa tara waɗannan matasa ana wayar musu da kai kan haƙƙin mallaka da adana sauti, domin yawancin kurakuran da ake yi rashin sani ne ke kawo su. Su kuma ƙannenmu ƴan dije, sana'arku sana'a ce, ku riƙe ta da mutunci, ku ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya kuma ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.